Dokar da Ta Kuɓuce wa Mailafiya

A duk faɗin Damargu, daga Tanut har ka gangara kwarin Tarka, in ana zancen mutanen da aka haifa don zaman inuwa, da Mailafiya ake farawa. Sunansa na yanka Idrisa. Tun yana saurayi aka lura duk inda wahala ta ɓullo ta gabas shi yana yamma, sai aka laƙa masa Mailafiya, ya kuwa amsa ba ko kunya. Yana da gona a ƙauyensu Tudun Aduwa, wanda ke hangen barikin Tanut, amma gonar ba ta san tafin ƙafarsa ba. Matarsa Zalika ita ce shuka, ita ce noma, ita ce dama furar da take kaiwa kasuwa. Shi aikinsa biyu ne, dara da gulma.

Daran kam, a ba shi haƙƙinsa, ya iya. Da hantsi zai shimfiɗa buzunsa gindin aduwar bakin rijiya, ya tona gurabe a yashi, ya ɗauki tsinkaye, ya tura wa abokin wasa busasshen kashin raƙumi, kafin azahar ya cinye duk wanda ya zauna yana yi wa kansa kirari. Gulmar kuwa ta fi daran. Babu mahaluƙi a garin da bai san aibinsa ba. Ya san wadda ta ɓoye hatsi a shekarar yunwar Kakalaba, ya san wanda ya tsala ihu ranar kaciya, ya san mai sallar asuba bayan rana ta fito. Abin kunyar da ya ji tun yana yaro yana nan daram a kansa, amma aike shi sayen gishiri, sai ya dawo maka da kanwa.

Wajen shekara goma bayan Kakalaba, Nasara suka tashi fasa hanyar mota daga Damagaram zuwa Agadas. Ba da hannunsu ba mana. 'Yan gardin bariki masu jar hula suka riƙa bi gari gari suna ɗibar maza, a kai su daji su sare ƙaya, su ɗauki dutse a ka, bulala na bin bayansu. Wanda ya tafi da ƙiba ya dawo kamar kara, wani ma bai dawo ba. Da aka zo Tudun Aduwa aka ce maigari ya ba da mutum, bai ko yi dogon tunani ba, ya nuna gindin aduwa. Cewarsa, in an ɗauke wannan ko akuya ba za ta kwana da yunwa ba.

Aka tara su a filin bariki cikin rana ana jiran su cika. Sauran maza sun yi tagumi, kowa na tunanin iyalinsa. Mailafiya ya gwada tagumin shi ma, ya ga bai saba ba, sai yatsunsa suka shiga tonon gurabe. Ya tsinto tsakuwa da tsinke ya hau dara shi kaɗai, yana cin kansa yana yi wa kansa dariyar mugunta.

Shugaban barikin a lokacin wani litinan ne matashi, dogo, wanda rana ta dafa wa kunnuwa har mutane ke ce masa Jan Kunne. Kaɗaici ya ishe shi. Daga barandarsa ya hango mutum yana surutu da tsakuwa, sai ya aiki tafintansa Manzo, wani Babarbaren Damagaram mai jin Faransanci.

"Kai, tashi," in ji Manzo. "Litinan na tambaya, wannan tone-tonen mene ne?"

Mailafiya ya auna ya ga kalmar wasa ba za ta fisshe shi ba. "Yaƙi ne, Malam Manzo. Kuma ni ne sarkin yaƙinsa a Damargu kaf."

Da aka juya wa litinan maganar, kunnuwansa suka ƙara ja don murna. Aka shiga da Mailafiya wani ɗaki mai sanyi. A tsakiya ga wani ƙaton tabur mai baki kamar komin ban ruwa, an cika shi da yashi. An tula yashin wani wuri ya zama tudu, an kakkafa ƙaya wani wuri ta zama daji. A kai kuwa 'yan mutane ne na dalma, kowane bai wuce babban yatsa ba, wasu ja wasu shuɗi, wasu a ƙasa da bindiga, wasu kan dawaki, har da 'yar igwa.

"A'uzu billahi, gumaka!" in ji Mailafiya. Sai iska ta bugo shi ta taga, idonsa ya faɗa kan randa tana zufa a lungu. Ya sake duban gumakan, ya ga ashe ba su yi muni haka ba.

Manzo ya ba shi sharaɗi a fili. Litinan ya taho da wasan nan tun daga ƙasarsu, ya rasa abokin bugawa. Sarzan ɗinsa, sojan da ke bi masa, mashayi ne, shi kuma Manzo ya rantse masa abin na sa shi ciwon kai. In Mailafiya ya riƙe dokokin wasan, ya riƙa zuwa kullum da la'asar suna bugawa, to inuwa tasa ce, babu shi babu aikin hanya. In kuwa ya kasa, hanya na nan ba ta gudu ba.

Sai dokoki. Kai jama'a! Dokar dara a zama ɗaya ake koyonta, ka jera uku ka ci ɗaya, shi ke nan. Ta Nasara kuwa ta fi gashin jaki yawa. Akwai kara na awo. Dakaru, wato masu tafiya a ƙasa, kara ɗaya suke yi. Mahaya kara biyu, amma ba sa shiga daji. Igwa ko ta yi tafiya ko ta yi harbi, ba ta haɗa biyun. Wanda ke bayan tudu harbi ba ya samunsa. Dakaru in sun haɗa kafaɗa doki ba ya keta su. Kuma ba a cewa an harbi mutum sai an jefa wani ɗan ƙashi mai fuska shida da ɗige-ɗige, abin da ya nuna shi ne hukunci. Manzo na jerowa, Mailafiya na gyaɗa kai yana "na'am, na'am", maganar na shiga ta kunnen dama tana ficewa ta hagu.

Ranar farko ya sa igwa ta yi sukuwa kara biyu, ta kuma yi harbi tana gudu. Rana ta biyu ya cusa dawaki cikin ƙaya. Rana ta uku ya ga sojan litinan uku sun jeru, ya kai hannu ya ɗauke ɗaya kamar a dara. Jan Kunne ya cire hularsa ya maka da ƙasa. Manzo ya ce, "Litinan ya ba ka zuwa kasuwar Tanut ta zagayo. In ba ka riƙe ba, ka nemi gammo."

Mailafiya ya koma gida ransa a ɓace, har tuwo malmala biyu kawai ya iya ci.

"Zalika, na mutu. Kaina ba ya riƙe abin nan."

Zalika na kankare tukunya, ba ta ko ɗago ba. "Kanka, maigida? Kan da ya riƙe cewa Tata ta ari ludayin uwata ba ta mayar ba tun ina budurwa? Ai kanka ba ya yoyo, abin kirki ne kawai ba ya zama a ciki. Ka ce wa kanka gumakan nan maƙwabtanka ne, mu gani in za ka manta ko da tarinsu."

Ita don ta ci masa fuska ta faɗa. Shi kuwa ya tsaya da loma a hannu, ya ce wallahi mace ta yi magana.

Washegari ya tsaya gaban tabur ya shiga raɗin suna a zuci. Igwa ya sa mata Tata, ƙatuwar matar nan mai waina, wadda in tana tafiya ba ta iya zagi saboda haki, in kuma tana zagi ba ta iya tafiya, amma zaginta daga bakin rijiya yana isa ƙarshen gari. Mahaya ya sa musu Audi, wanda taki biyu yake yi a ɗaya in ya ji ƙamshin walima, amma ranar saran ƙayar shinge ba a taɓa ganinsa ba. Dakaru su ne Dado da ƙannensa, manoma masu nauyin ƙafa, waɗanda in sun tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan magana ko bijimi ba ya ture su. Dokar bayan tudu kuwa maigari ce, da ke laɓewa bayan rumbu duk ranar da aka hango jar hula. Haka ya bi dokokin ɗaya ɗaya, kowace ya rataya ta a wuyan wani, kuma duk wadda ya rataya sai ta zauna daram.

Saura wani guda a can baya, mai tumbi, kan farin doki, takobi a sama. Manzo ya ce wannan shi ne sarkin yaƙi. Mailafiya ya dube shi ya ji ƙaunarsa ta kama shi, mutum mai kamala, zaune a baya ba ya komai. Nan take ya sa masa sunan kansa.

"Shi ma da dokarsa," in ji Manzo. "In sarkin yaƙi ya faɗi, rundunarsa duka ta faɗi. Wasa ya ƙare."

Mailafiya ya shiga laluben wane aibi nasa zai rataya wa dokar. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya binciki kansa tsakani da Allah, bai tarar da ko ɗaya ba. Laifi tudu ne, ka take naka ka hangi na wani. Sai ya ce a ransa, to ma wa zai motsa shi daga inda yake? Ya bar dokar ba mataki, kafin ya kai gida ta zube a hanya.

Sauran kuwa sun zauna. Kasuwar Tanut ta zagayo ta same shi yana auna kara kamar a ciki aka haife shi, yana gunaguni ƙasa ƙasa, "Audi, kara biyu. Tata, tsaya ki huta kafin ki zage su." Har ya gano wata doka da Manzo bai faɗa ba, cewa litinan na son yaƙi mai zafi amma ya fi son ya ci. Sai ya riƙa ja da shi har rana ta yi ja, sannan ya bari a cinye shi da kyar. Jan Kunne ya ba shi tsohuwar riga mai maɓalli. Mailafiya ya sa ta a kan tagguwarsa, ya daina gaida mutane sai sun gaishe shi.

Da ya rufe bakinsa da ya mutu a inuwa. Ina! Baki shi ke yanka wuya. Wata safiya gindin aduwa, ana tambayarsa abin da suke yi da Nasara, sai ya karkace ya ce, "Ai duk kuna can kan tabur ɗin. Jiya ma Audi ya faɗi daga kan doki, ƙashi ya nuna shida." Aka yi dariya, har da Audin. Kwana bai yi nisa ba Audi ya hau gawo zai saro wa awakinsa ganye, reshe ya karye da shi, ƙafarsa ta karye biyu.

Daga nan dariya ta ƙare. Aka kira Hadiza, matar da ke kai ruwa bariki, aka tambaye ta abin da ta gani ta taga. Ta dafa ƙirji ta ce da idonta ta ga yashi a shimfiɗe, ta ga Nasara yana jefa ƙashi yana duba abin da ya nuna, ta kuma ji Mailafiya na kiran sunayen mutane ɗaya ɗaya. To me ya rage? Duk wanda aka haifa a Damargu ya san yashi a shimfiɗe da mutum a sunkuye a kai bugun ƙasa ne. In malamin duba da yatsa kawai yana ganin gobe, ina ga Nasaran da ya ci ƙasar da bindiga, kuma ga gunkin kowa da sunansa?

Aka zo wa Mailafiya da maganar. Nan ne wurin da mutumin kirki zai ce wasa ne, ya rantse. Shi kuwa ya dubi sama, ya shafa gemu, ya ce, "Ni dai ban ce ba."

Da yamma sai ga Tata tana haki, da zabi biyu a hammata. Ta jira numfashinta ya dawo. "Ɗan nan, ni uwarka ce. Ka ajiye ni bayan tudun nan da ake faɗi." Dado ya aiko da damin gero. Matar Audi ta kawo cuku, don kada a ƙarasa mata miji. Waɗanda ba a raɗa wa suna ba suka yi hamdala, amma hamdalarsu ba ta daɗe ba, don Mailafiya ya tuna akwai sauran 'yan dalma birjik da ba su da mai su. Ya bi su duka ya raba wa gari, tun daga liman har ungozoma, ya kuma tabbatar labari ya kai kunnen kowa. Allah wadai! Mutanen da ke haɗa miya da kyar su ne suka riƙa ɗauke abin bakin 'ya'yansu suna kai wa malalaci. Wuyansa ya yi kauri, rigar maɓalli ta daina rufuwa.

Zalika ta ƙi taɓa ko fiffiken zabo. "Maigida, abin nan da kake ci amana ce, kuma za ta fito ta hanci."

"Ke dai ba kya son ci gabana," in ji shi, yana tsotsar ƙashi.

Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hadiza kullum tana bakin taga da tulunta, ta kuma san wane ne wane, don shi da kansa ya nuna mata. Yanzu wa zai tura gaba? In ya kai hannu kan mahayi sai ya tuna cuku. In ya taɓa dakaru sai damin gero ya faɗo masa. Abin mamaki ma, yau da gobe shi kansa ya fara jin tsoron abin, don ƙaryar da ka ci zabi a kanta tana da wuyar ƙaryatawa. Sai ya kwashe rundunar kaf ya tura bayan tudu, suka cunkushe kamar tumaki a inuwar gawo. Litinan ya jera sojansa, ya jira, ya yi fito, ya sha taba, ba wanda ya leƙo. In ya zagayo ta dama, su Tata su sulale ta hagu. Rana ta faɗi ba a jefa ƙashi ko sau ɗaya ba.

Litinan ya yi haƙuri kwanaki, sannan ya buga tabur har yashi ya tashi.

"Litinan ya ce," in ji Manzo, "shi abokin yaƙi ya ɗauka, ba makiyayi ba. Gobe ko ka yi yaƙi a ga jini, ko ka ɗauki dutse."

Mailafiya ya fito daga bariki. Gaba kura, baya siyaki. Ya tara mutane gindin aduwa, karon farko a rayuwarsa ya faɗi gaskiya tsirararta. Ya ce jama'a wasa ne, dalma ce, sunayen nan don ya riƙe doka ya sa su, ba su kashe kowa ba su raya kowa.

Tata ta zauna, alamar za ta yi amfani da bakinta. "Wasa? Yanzu da ka gama da zabina ya zama wasa? To Nasara ya ba ka abin da ya fi namu ke nan, za ka sayar da mu. Ɗan banza mai wuyan tulu!" Audi ya ɗaga sandar da yake dogarawa ya nuna ƙafarsa. Dado da ƙannensa suka haɗa kafaɗa. Dado ya ce a hankali, "In ɗayanmu ya faɗi gobe, kada ka biyo ta gari."

Mailafiya ya koma gida ya zauna bayan rumbu, ya ce bari ya zare sunayen daga kansa ya huta, igwa ta koma igwa, doki ya koma doki. Ya cire Tata daga igwa, sai ya rasa ko igwa tafiya take ko tashi sama. Ya cire Audi, sai kara biyu ya bi shi. Ashe gulmar ce igiyar da ta ɗaure kayan duka. Ya yi maza ya mayar da kowa wurinsa, gumi na karyo masa.

A nan dabara ta zo masa, ya kuma yi murna da ita, wawan. Akwai guda ɗaya da ba wanda ya kawo zabo dominsa. Zai tura sarkin yaƙi gaba shi kaɗai. Litinan ya ga jinin da yake nema, gari ya ga mutumin da ya ba da kansa don jama'a, a yi ta yi masa kirari. Abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne, kada ya zama bugun ƙasar gaskiya ne. Don haka ya sha rubutu da safe, ya ɗaura layu har uku, ya kuma yi niyyar ba zai hau ko turmi ba har wata ya mutu.

La'asar ta yi. Hadiza na bakin taga, bayanta rabin matan gari sun fake da kawo itace. Litinan ya jera shuɗayensa. Mailafiya ya yi bisimilla, ya kai hannu can baya, ya ɗauko mai tumbi kan farin doki, ya auna kara biyu, ya dire shi a fili tsakiyar yashi, gaban bakin igwar litinan.

Manzo ya zaro ido. "Kai, ka san abin da kake yi kuwa?"

"Malam Manzo, namiji ake nema, ga namiji."

Litinan ya dubi dokin, ya dubi Mailafiya, kunnuwansa suka yi jawur. Ya jefa ƙashi. Ƙashi ya gangara ya tsaya. Litinan ya sa yatsa ya ture mai tumbi, ya kife a yashi, takobinsa a sama. Mailafiya ya shafa ƙafafunsa ya ji suna nan lafiya, ya buɗe baki zai yi hamdala. Sai ya ga litinan ya miƙa dogon hannunsa bayan tudu, ya share jajayen nan gaba ɗaya da dantse, sharr, Tata da Audi da Dado da liman da ungozoma, kowa ya kife kan ɗan'uwansa.

"Wayyo! Me suka yi? Ai suna bayan tudu!"

"Ban gaya maka ba tun ranar farko?" in ji Manzo. "In sarkin yaƙi ya faɗi, rundunarsa duka ta faɗi."

A waje aka ji tulu ya fashe, aka ji gudun mata da salati. Litinan kuwa ya ɗauka da gangan aka yi masa ba'a, aka ƙare masa wasa a taki ɗaya. Ya sa aka tuɓe rigar maɓalli, aka kai Mailafiya gidan kaso ya jira tafiyar hanya.

Tudun Aduwa ta kwana biyu tana jiran mutuwa, mutuwa ba ta zo ba. Abin da ya zo jar hula ce. An gama girbi, umarni ya iso daga Damagaram a kwashe duk namiji mai ƙarfi a ƙauyukan da ke kusa da bariki a kai aikin hanya. Manzo ya rantse umarnin ya riga wasan isowa, kuma har Belbeji aka kwasa, inda ba wanda ya taɓa jin labarin dalma. Wa zai saurare shi? Mutane sun ga an share su da dantse, ga shi kuwa an share su. Maigari ma a bayan rumbu aka zaƙulo shi.

Ranar tafiya aka jera su a filin bariki, aka fito da Mailafiya aka sa shi a gaba, Dado da ƙannensa a bayansa suna kallon ƙeyarsa. Zalika ta keto cikin mata ta miƙa masa ƙullin gumba. Tausayinsa ya kama ta, ta ji haushin kanta da ya kama ta.

"Doka ɗaya ce, Zalika," ya ce da muryar kuka. "Ɗaya tak ta kuɓuce mini. Na rasa aibin da zan rataya ta a kai."

"Wace ce?"

Ya faɗa mata. Ta dube shi, sannan ta gyara ɗaurin zanenta.

"Ai da ka tambaye ni, maigida. Duk faɗuwar da ka taɓa yi a duniya, a kan wani ka faɗa. Ni na sani, don kullum ni ce a ƙasa."

Gardi ya daka tsawa, layi ya motsa.

Mailafiya ya dawo bayan watanni, wuyan nan ya koma kamar na zabo, tsakiyar kansa ba gashi saboda dutse. Ƙanin Dado ɗaya bai dawo ba, kuma har Mailafiya ya tsufa ba wanda ya yarda ya zauna dara da shi. Gona ta san tafin ƙafarsa daga baya, ba don ya so ba. Jan Kunne an ɗauke shi zuwa wani bariki da akwatin dalmarsa, ba mamaki ya sami wani malalacin a can. Dokokin nan kuwa Mailafiya bai manta ko ɗaya ba har ya koma ga Allah. In yana noma shi kaɗai akan ji yana jero su ƙasa ƙasa, kuma da ta sarkin yaƙi yake farawa.